Kalmomin da Suka Riga Mu Gidan Gaskiya

Ƙarfe uku na dare a Scarborough.
Teku na tari a bayan taga kamar mai tsohuwar fuka.
Ni ce mai gadin numfashi a hawa na biyu:
ɗaki goma sha ɗaya, tsoho goma sha ɗaya,
da agogon da ba ya gajiya da ƙirga su.

A ɗaki na bakwai Mista Thackray bai runtsa ba.
Shekara arba'in yana awon magani a kanti,
yau sunan 'yarsa ya suɓuce masa kamar sabulu a bokiti.
Amma da na taɓa ƙafarsa da ta kumbura
sai ya ɗaga yatsa, ya ce, dropsy.
Na duba takardar likita sama da ƙasa, babu ita.

Kada ki wahala, in ji shi, ta mutu.
Daga ƙasar Girka ta taso, ruwa take nufi,
a hanya aka sare mata kai,
ta iso nan da gangar jiki kawai,
ta yi ɗaruruwan shekaru tana kwana a ƙafafun mutane.

Na gyara masa matashi. Bai gama ba.
Akwai ague, mai karkarwa,
wadda a bakin Rumawa sunanta mai kaifi,
zazzaɓin da ke fitowa daga fadama da yamma
ya kama haƙora yana kaɗa su.
Akwai leech. Nan ya yi dariya har ya sarƙe.
Da can, ya ce, da sunan nan guda
ake kiran likita da matsattsaku.

Ban yi dariya ba.
Na ga kakana Tanimu a gindin ɗorawa a Gumel,
zabira a buɗe, aska a kan gwiwa,
ya kafa ƙaho a bayan wani manomi
yana zuƙa, kumatunsa sun lotsa,
yana cewa mataccen jini ne, bari ya fita.
Ashe ko'ina ɗan Adam ya taɓa zargin jininsa.

Wata ranar da ya ƙi cin abinci
ya juya wa bango fuska, ya ce, melancholy.
Wannan tana nan da rai, amma ta mance iyayenta:
baƙin ruwan matsarmama, shi ne asalinta.
Na ajiye cokali.
Na ce, Baba, mu ma haka muke cewa.
Baƙin ciki.
Ya ce in maimaita. Na maimaita.
Ya ɗauke ta a harshe a hankali
kamar mai ɗanɗana maganin da bai san kantinsa ba.
Sannan ya buɗe baki, ya karɓi loma uku.

Ranar hutuna 'yata ta tsinci kalma a bakina.
Mama, mene ne agana?
Na buɗe baki, na rufe.
Fuskar Iya Kande ce ta zo mini,
ramuka ƙanana kamar ƙasar da yayyafi ya taɓa ya wuce.
Cutar ta tafi, Allah ya raka taki gona,
ta ja sunanta a baya kamar akuya.
Wa zai yi makokin irin wannan kalma?
Ni dai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

Ya cika ranar Laraba, ana ruwa.
Likita ya rubuta dalili da kalmomi masu sheƙi,
sababbi fil, ba wanda ya taɓa kuka a cikinsu.
Na cire zanen gado, na buɗe taga.
A aljihun rigarsa akwai rasit na shayi,
a bayansa, da rubutu mai rawa,
ya gwada tamu sau huɗu,
bai san yadda ake lanƙwasa kan ƙ ba.